Wa Zai Agaji 'Yan Agaji?

Lokacin da gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Sakkwato cikin watan Janairu na 2021, 'yan kwana-kwana da 'yan agaji ne suka kutsa inda kowa ke gudu. Wuta takan mutu, amma ma'aikaci yakan koma gida, ko Runjin Sambo ko wata unguwa, barci ya gagare shi, ga mugun mafarki, ga firgita, ga saurin fushi da iyali. Likitoci sun san wannan ciwo, kuma yana da magani.

Galibi wurin malam akan fara zuwa, a yi tofi, a karɓi rubutun sha. Addu'a tana kwantar da zuciya, babu mai musun haka. Sai dai lalle malamai su riƙa tura wanda abin ya daɗe masa zuwa asibitin tarayya na Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tun da an sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ta maye gurbin ta 1958, ya wajaba gwamnatin jiha ta sa a riƙa duba ma'aikatan nan bayan kowane babban haɗari, a asirce, domin tsoron a kira mutum mahaukaci ne ke rufe bakin da dama. Rigakafi dai ya fi magani.