Ƙwayar Masu Shayarwa: A Faɗa wa Mata Maganar Awa Uku

Mace mai goyo a Alaba Rago da ke Legas ba ta rasa inda za ta sayi ƙwayar tazarar haihuwa. Kyamis ga su nan birjik, daga bakin titin Badagry har lungunan cikin kasuwa. Abin da take rasawa shi ne mai tsayawa ya yi mata bayani da Hausa. Ina koyar da matan aure a Islamiyya, kuma sai an tashi ake jawo ni gefe, a zuge jaka a fito da katin magani, a ce, “Malama, duba min wannan.” Galibi Microlut ne ko Exluton. In na tambayi yadda ake sha, amsar da nake ji ita ce “in na tuna”, ko “ranar da maigida ya dawo daga Arewa”. Wannan amsa tana ci mini rai, domin nan gaba kaɗan za a ga kwanika, a ce magani bai yi ba.

Ƙwayar nan sinadari ɗaya gare ta, furojestin, babu istirojin a ciki. Shi ya sa ba ta rage ruwan nono, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mai shayarwa ta sha. Babban aikinta shi ne kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai ratsa ba, wani watan kuma ta hana ƙwai fita. Sai dai kaurin ba ya daɗewa. Dole a sha kullum a lokaci guda, ko maigida yana nan ko ya bi tirelar awaki. In aka makara fiye da awa 3, a sha da zarar an tuna, a ci gaba kamar yadda aka saba, sannan a ƙaurace wa shimfiɗa ko a sa kwaroron roba har kwana 2. Haka ma in aka yi amai cikin awa 2 da sha, sai a sake haɗiyar wata. Kati ya ƙare yau, gobe a ɓare sabo, babu hutu a tsakani. Akwai mai sinadarin desojestirel da ke ɗaga ƙafa har awa 12, amma kada mace ta ɗauka ita ce a hannunta sai ma'aikaciyar asibiti ta tabbatar mata.

Ni shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su ɗaura shan ƙwayar a kan kiran sallar Magariba. A Legas lokacinta ba ya gocewa da nisa duk shekara, mace na jin ladan ko tana fashin salla, kuma in azumi ya zo babu abin da zai sauya.

Abin da ya fi sa mata watsar da ƙwayar shi ne jini. Wata ta riƙa ganin ɗigo a tsakiyar wata, wata al'adar ta ɗauke gaba ɗaya. Likitoci sun san da haka, kuma yawanci ba cuta ba ne. Amma a wurin Musulma maganar ta shafi salla da azumi, sai ta rasa wa za ta tambaya, kunya ta hana ta tunkarar malam, ta jefar da katin shiru. Mu malamai mata hakkinmu ne mu karantar da bambancin haila da istihala a fili, mu ambaci ƙwayar da sunanta.

Ba kowa ce za ta sha ba. Mai sankarar mama ba ta sha. Mai ciwon hanta mai tsanani sai ta ga likita. Maganin tarin fuka na rifamfisin da wasu magungunan farfaɗiya suna karya ƙarfinta. Ba ta kare mace daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Wadda ta ji ciwon mara mai tsanani, musamman da jiri ko jinin da ba ta gane masa ba, ta tafi asibiti a ranar, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Kuma Postinor-2 da ake miƙa wa mata a kyamis ƙwayar gaggawa ce, ba a mayar da ita ta yau da kullum.

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta da na jihohi. Amma matanmu na ƙin zuwa ne saboda za a yi musu bayani da Yarbanci ko Turanci, su gyaɗa kai su fito. Ina roƙon sarakunan Hausawa na Alaba Rago da Agege su zauna da hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin Ojo da Agege, a samar da mai jin Hausa a ɗakin tazarar haihuwa ko da rana ɗaya ce a mako, a kuma sanar da ranar a masallatai don magidanta su ji su ba da izini.