Kafin Ka Kunna Injin Ban Ruwa, Duba Ƙananan Kifi

Rani ya kama, ruwa ya ja baya, injina sun fara kuka a bakin rafin Getsi. Kai da ke noman salak, kabeji ko alayyahu ta wajen Dakata, kafin ka jefa tiyo ka tsaya ka leƙa ƙasan ruwan. Akwai 'yan ƙananan kifi suna wulgawa, ko tsit kake gani?

Irin kifin da muke nufi bai fi tsawon yatsa ba. Yakan lafe a kan yashi ko tsakuwa, da ka motsa sai ya harba kamar kibiya. Yana da tsirfa wajen zaɓen mazauni: ruwa mai gudu, marar zurfi, ƙasa mai tsabta, da isasshiyar iskar shaƙa. Yawancin kifi suna son wannan iska ta kai miligiram 5 a kowace lita, in ta faɗo ƙasa da 2 kuwa sai mutuwa. Saboda tsirfar nan ne masana ke iya hasashen inda za a same shi. Sukan rubuta zurfi da gudun ruwa da irin ƙasar wuraren da aka kama shi, sannan su nemi masu kama da su a taswira.

To, mu ɗora wannan ma'auni a kan Kano. Getsi ne ke kwashe ruwan masana'antun Bompai, ya haɗu da Jakara mai ɗauke da dagwalon cikin birni, su zarce madatsar Wasai a Minjibir. A kudu kuma rafin Salanta yana kai na Sharada cikin kogin Challawa, ga kuma majemun da ke Challawa ɗin kanta. Dattin jima yana cinye iskar ruwa yayin da yake ruɓewa, baƙin laka kuma ya binne tsakuwa. Ka ga an rushe wa ɗan kifin gida ta fuska biyu ke nan. Don haka hasashen ba wuya: in za a same shi, sai can sama da magudanan masana'antu, ta wajen Ƙaraye, ko a kogin Kano da ke gangarowa daga Tiga. Can ɗin ma masu haƙar yashi suna kwashe masa shimfiɗa.

Wani zai ce, “Ai jiya ma yara sun kama tarwaɗa a nan.” Malam, tarwaɗa ba shaida ba ce. Tana da gaɓar da take shaƙar iska daga sama, shi ya sa take rayuwa a kwatamin da karfasa da kawara ba za su kwana ba. Inda tarwaɗa kaɗai ta rage, ruwan ya riga ya jigata.

A Amurka, wani ɗan kifi irin wannan mai cin dodon-koɗi, da aka gano a 1973, ya sa Kotun Ƙoli ta tsayar da aikin madatsar Teliko a 1978. Daga baya dai an kammala madatsar, amma an kai kifin wasu koguna, kuma a 2022 aka cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Mu nan ko ƙirga namu ba ma damuwa mu yi.

Sai dai kada ka ɗauka ganin kifi ya wanke ruwa. Sinadarin kuromiyam da ake jima da shi yana kwantawa a laka da ƙasar gona, kifi ba zai nuna maka shi ba, sai ɗakin gwaji. Nan ne amfanin ƙungiya yake. Ku haɗa kuɗi ku kai ruwa da ƙasa a auna, a tsakiyar rani lokacin da dattin ya fi kauri, ba da damina ba. Da takardar sakamako a hannu, kukanku a gaban hukumar NESREA ko ma'aikatar muhalli ta jiha zai fi nauyi.

Duba kifin kuwa da asuba ake yi, don lokacin ne iskar ruwa ta fi ƙaranci. In ka ga suna tasowa sama suna haki, ko ruwan ya sauya launi yana warin fata, kada ka cika tafkin kiwon kifinka da shi, kada kuma a wanke ganyen kasuwa a ciki. Wanda ke da halin haƙa rijiya nesa da gaɓa, ita ma a auna ruwanta tukuna.