Ra'ayinmu: Kafa Rifita Ba Wuya, Riƙonta Ne Aiki

A ƙarshen watan Satumba na 1924 babu wanda zai yi mamaki in gari ya kwana bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. A ƙarshen Satumba na 2024 kuwa, sa'ad da guguwar Helene ta afka wa yammacin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, duniya ta yi mamakin ganin garuruwan ƙasar da ta fi kowa fasahar sadarwa sun koma kamar na kakanninsu. Ruwa ya cinye hanyoyi, wutar lantarki ta ɗauke, turakun wayar salula suka yi shiru, mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu a jihar. Cikin abubuwan da suka ci gaba da magana a waɗannan kwanaki har da wata 'yar na'ura da ke bisa ƙololuwar Dutsen Mitchell, mai tsayin mita 2,037, wadda masu sha'awar rediyo suka kafa suna kula da ita. Ta kanta aka riƙa miƙa labarin wace hanya ce ta buɗe, wane gida ne ke bukatar magani, wa ya tsira don a gaya wa danginsa.

Sunan wannan na'ura rifita, wato mai maimaita murya. A cikin watan nan na Satumba ne kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta malale Maiduguri, saboda haka babu mai ce mana irin wannan masifa ta wata nahiya ce. Ra'ayinmu shi ne ya kamata Ƙungiyar Ɗalibai ta tsaya tsayin daka jami'a ta mallaki rifita tata, ƙarƙashin kulob ɗin rediyo mai lasisi. Amma muna da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi shawarar nauyi.

Bari mu fara da bayyana abin, domin da yawa daga cikin masu karatunmu ba 'yan sashen injiniya ba ne. Rediyon hannu, wanda jama'a ke kira oba-oba, yana aiki a kan zangon da siginarsa ke tafiya kusan yadda haske ke tafiya: abin da ya tare ido yakan tare shi. Mutum biyu a cikin gari, tsakanin gine-gine da itatuwa, da ƙyar za su ji juna in sun wuce kilomita kaɗan. Rifita ba wani abu ba ce illa rediyo mai ji da rediyo mai faɗi, an haɗa su an ɗora eriyarsu a wuri mai bisa. Tana jin raunanar murya a wani zango, nan take ta sake faɗinta da ƙarfi a wani zangon. Lissafin nisan ma ba ya bukatar digiri. Eriyar da ke bisa mita 30 tana hango kimanin kilomita 22 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa; in aka kai ta mita 120 sai nisan ya ninka, ya kai wajen kilomita 45. Wato tsawo ya fi ƙarfin wuta amfani nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa hawa Dala ko Goron Dutse a Kano, ko Kufena a Zariya, ya ga yadda ƙasa ta baje a gabansa, ya riga ya fahimci rabin ilmin.

Sauran rabin shi ne mai wahala. A yankinmu na duniya, wanda ya haɗa Afirka da Turai, masu sha'awar rediyo suna da zangon megahaz 144 zuwa 146, kuma al'ada ita ce a raba zangon ji da na faɗi da kilohaz 600 kacal. A dubi abin da wannan ke nufi. Na'ura guda tana kururuwa da ƙarfin wat 25, a daidai wannan lokaci kuma, ta eriya guda, tana kasa kunne ga raɗar wani da ke can nesa. Tamkar a ce maroƙi ya sa baki a kunnenka yana kirari, kai kuma ana so ka ji abin da ake faɗa a bayan katanga. Abin da ke raba wannan rigima shi ne wasu gwangwanaye na tagulla ko jan ƙarfe, huɗu ko shida, kowanne tsawonsa ya haura rabin mita, da sanda a tsakiya wadda ake murɗawa. Su ake kira dufileksa. Aikinsu su rage ƙarar mai faɗi kafin ta isa ga mai ji da kimanin desibel 80 ko fiye, wato ninki miliyan 100. Murɗa sanda ɗaya ta wuce wurinta da 'yar ƙanƙanuwar juyawa ya isa ya kurmantar da rifitar. Za ta ci gaba da faɗi da ƙarfi, kowa na jin ta, amma ita ba ta jin kowa sai na kusa. (Mun san shugabanni masu irin wannan lalura, amma ba su ne batunmu yau ba.) Ba a saita waɗannan gwangwanaye da kunne ko da zato. Sai da na'urar awo, kuma irin wannan na'ura tana nan a ɗakunan gwaji na sashen lantarki, galibi cikin kabad, ƙura ta rufe ta.

To, ga sharaɗinmu. Kada a kashe ko kwabo ɗaya na kuɗin ɗalibai a kan wannan aiki sai an fara rubuta, a cikin takarda, wanda zai kula da shi bayan bikin buɗewa. Dalili kuwa kowa ya san halinmu. Mun iya ƙaddamarwa, mun iya yanka kirtani da ɗaukar hoto, amma a zagaya harabar kowace makaranta a ƙirga famfunan burtsatse da fitilun sola da suka mutu saboda abin da bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba. Rifita ta fi waɗannan duka saurin fushi, domin a waje take kwana, kuma kowane lokaci na shekara da irin cutar da yake yi mata.

Damina ita ce babbar abokiyar gaba. Eriyar da aka ɗora a wuri mafi bisa ta zama abin da tsawa ke nema, don haka dole a haɗa turke da kebul da akwatin na'ura duka zuwa sandunan tagulla da aka binne a ƙasa, a kuma sa abin kare tsawa a inda kebul ya shiga ɗaki. Ruwan sama kuma ba ya bukatar ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mahaɗin kebul guda da ba a naɗe da kyau ba ya isa ruwa ya bi ta ciki a hankali, ya tsatsar da waya, ƙarfin da ya kamata ya hau eriya ya riƙa dawowa yana gasa na'ura. Wanda yake auna wannan dawowar wuta duk wata yana rubutawa a littafi zai ga alamar tun ana iya gyara da 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ba ya aunawa zai gane ne ranar da hayaƙi ya tashi.

Hunturu yana lulluɓe farantin sola da ƙura, ya toshe fanka. Bazara kuwa batir take ci. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce batir mai ruwan acid yana rasa kusan rabin kwanakinsa duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, alhali ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu yana wuce 40 ba tare da wahala ba. Mu ƙaddara rifitar tana shan amfiya 1 tana zaune, amfiya 8 in tana magana, ana kuma magana awa 2 a yini. Jimla ta kai wajen 40 ke nan a rana. Batir mai ɗaukar 100 ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, wato da ƙyar zai wuce yini guda in rana ba ta fito ba. Ranar ambaliya kuwa ita ce ranar da babu rana, kuma ita ce ranar da za a yi magana awa 20, ba 2 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Gwamnati ta taɓa katse layukan salula a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da kuma Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta a 2021, don hana miyagu sadarwa. Yaya za a ce a ƙara buɗe wata kafa? Amsarmu ita ce rediyon sha'awa ba ɓoyayyen abu ba ne. Dokar duniya ta hana masu shi lulluɓe ma'anar zancensu, ta kuma tilasta wa kowa ya riƙa faɗin lambar kiransa. Ta 'yan Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Duk mai rediyo, har da jami'in tsaro, yana iya sauraron abin da ya bi ta rifita, kuma mai lasisin yana iya kashe ta nan take in hukuma ta umarta. Abin tsoro shi ne oba-oba masu araha da suka cika kasuwa, ana amfani da su ba lasisi ba horo. Matasan ma'aikata da ke ofisoshin sadarwa da na agajin gaggawa, waɗanda da yawansu jiya-jiya suka bar waɗannan azuzuwa, su ne ya kamata su sauƙaƙa hanyar samun lasisi, domin wanda aka san sunansa da lambarsa ya fi daɗin sa wa ido.

Matsalar da ta fi damunmu ita ce ɗalibi baƙo ne. Shekara huɗu ko biyar ya tafi, kuma in shi kaɗai ya san inda mabuɗin ɗakin yake da yadda aka saita gwangwanayen, ilmin ya bi shi hidimar ƙasa. Saboda haka muna kira ga Majalisar Wakilan Ɗalibai, in ta zauna a kan wannan batu, ta nemi malami guda na dindindin da ma'aikacin ɗakin gwaji guda su riƙe amanar tashar, a ajiye littafin awo kusa da na'urar, kowane ɗan ajin ƙarshe ya horar da ɗan aji biyu kafin ya miƙa mabuɗi. A kuma ware kuɗin batir da kebul a cikin kasafin kowace shekara, da sunansu, ba a ƙarƙashin "sauran bukatu" ba. In majalisa ba ta shirya amincewa da wannan layi guda na kasafi ba, muna ba ta shawara ta jingine maganar rifita zuwa zaman da za ta shirya.