Ra'ayinmu: A Bar Kuɗin Bincike Ya Tsallaka Iyaka

Duk ɗan kasuwar da ke adana wake daga Dawanau zuwa Maraɗi ya san buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da an barbaɗa magani ba. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da takwarorinsu na Afirka, ciki har da na cibiyar INRAN ta Maraɗi, kuma Gidauniyar Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a 2007. Kuɗin bincike ne ya tsallaka iyaka, riba ta dawo rumbunanmu.

To amma akwai gyara. Tallafin bincike yakan shiga asusun jami'ar da ta nema, kuma sau da yawa ƙa'ida ba ta yarda a biya ɗalibin da ba nata ba ne, sai da yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu. Malami a Kano ko Sakkwato zai so nazarin cinikin albasa da dabbobi, alhali ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya san dillalan Ƙonni yana Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. In ba takarda, shi zai sha rana yana tattara bayanai, a sallame shi da kuɗin mota.

Muna kira ga jami'o'in ƙasashen biyu da su sa hannu tun kafin a fara aiki: nawa za a biya ɗalibi, yaushe, kuma da wane kuɗi. Wanda ke cefane da sefa, a biya shi da sefa, domin mun ga yadda naira ta zube bayan watan Yunin 2023. Sannan sunansa ya fito a sakamakon aikin.

Ku ma 'yan kasuwa da naku. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, ku kuka ɗauki asara, kuma kuka ba ya shiga kunnen hukuma sai da alƙaluma. Idan ɗalibi ya zo da tambayoyi, ku ba shi haɗin kai, amma ku gindaya sharaɗi: ya dawo kasuwa ya faɗa muku abin da ya gano, da Hausa. Ƙungiyoyinku ma za su iya ɗaukar nauyin ɗalibi guda a shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.