Baƙo Amana Ne

Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a 2013, talakan da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, in ba shi da kuɗin tasi, sai ya jawo jakarsa bakin titi ya tari Adaidaita Sahu. A ratsa Sabon Gari da Fagge, a shiga birni ta Ƙofar Mata.

Abin takaici, wasu matuƙan da sun ga alhaji ko baƙo sai su ninka masa kuɗi. Wannan zalunci ne, ko da Naira ɗari ce. 'Yan'uwa matasa masu wannan sana'a su sani, wanda ya la'anci azzalumai ranar Juma'a bai kamata ya cuci baƙo ranar Asabar ba. Allah Ya kiyaye.