Sharhi: Juyen baƙin mai a gida ko a gareji, lissafin da masu ababen hawa ke yi a Bauchi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da kawo ƙarshen tallafin man fetur, masu ababen hawa a birnin Bauchi suka shiga sake lissafin kowace naira da inji ke ci musu. Litar fetur da ake saya a ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce 1,000 kafin ƙarshen shekarar 2024. Fetur shi ne wanda aka fi yi wa kuka, amma akwai wani mai da ya bi sahunsa a tsanake, wato baƙin man da ake juyewa a injin mota, babur da Keke NAPEP.

Shi baƙin mai dama ba shi da tallafi. Abin da ya ɗaga farashinsa shi ne sakin naira da Babban Bankin Najeriya ya yi a watan Yunin 2023, inda dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon shekarar 2024. Kamfanonin da ke haɗa baƙin mai a cikin gida, irin su Ammasco a Kano da Lubcon a Ilorin, daga waje ake shigo musu da tushen man da sinadaran da ake gauraya shi da su. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana da sashen da aka gina musamman domin samar da wannan tushen mai, amma ta daɗe ba ta aiki. Saboda haka duk lokacin da dala ta motsa, galan ɗin da ke kan teburin mai sayarwa a Wunti ko Muda Lawal sai ya motsa. Abin lura a nan shi ne, jihar da tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a iyakarta da Gombe, a yankin Kolmani, cikin Nuwamban 2022, har yanzu da man da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas take shafe injinanta.

A cikin wannan matsi, ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ba abin mamaki ba ne mutum ya tambayi kansa: me zai hana in sayi sifana in riƙa yin juye da kaina a ƙofar gida?

Tambayar tana da tsohon tarihi a ƙasashe irin su Amurka, inda kuɗin aikin bakanike na sa'a guda kan iya zarce kuɗin man da filtar baki ɗaya. A can, wanda ya shiga ƙarƙashin motarsa ranar hutu ya tsira da kuɗi mai kauri. A Bauchi lissafin a juye yake. Kuɗin hannu shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake kashewa, kuma a wurare da dama wanda ya sayar maka da man yakan sa yaronsa ya yi maka juyen, ka ba shi abin da ya sawwaƙa. Kusan dukkan kuɗin yana cikin galan da filta ne, kuma waɗannan sai an saye su ko a gida za a yi aikin ko a gareji. Don haka wanda ya koma juye da kansa domin tsimi kawai, ɗan abin da ya rage masa bai kai ya yi masa cefanen yini ba. Ribar da ke cikin yin aikin da kanka, idan akwai ta, a wani wuri take: ka san abin da ya shiga injinka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama jabun baƙin mai a sassa daban-daban na ƙasar nan, kuma hanyar da masu wannan sana'a ke bi sananniya ce. Ana sayen galan-galan da aka yi amfani da su, a cika su da tushen mai tsagwaronsa wanda ba a sa masa sinadari ba, ko kuma da tsohon man da aka tace da ƙyalle aka gyara masa launi, sannan a mayar da murfi kamar sabo. Ido ba ya rabewa. Sinadaran da babu su a ciki kuwa su ne ke wanke dauɗar inji, su hana ƙarfe cin ƙarfe, su kuma hana man tsinkewa idan ya yi zafi. Injin da ya sha irin wannan mai ba ya mutuwa a ranar. Sai bayan watanni a ga ya fara hayaƙi, ya fara shan mai, daga bisani ya buga, sannan a fara maganar ringi da fistin ko sayen wani injin na hannu da kuɗin da ya ninka na juyen shekaru.

To sai dai a nan ma akwai abin dubawa. Mai juye a gida ba ya tsira daga jabu don kawai shi ya kwance noti. Idan a bakin titi ya sayi man, ko na awo ne daga durom da ba a san asalinsa ba, an gudu ne ba a tsira ba. Abin da ke kare inji shi ne inda aka sayi man, wato wurin dillalin da kamfani ya amince da shi ko gidan mai da aka sani, da kuma ganin an fasa hatimin murfin a gabanka. Mai mota zai iya yin wannan duka sannan ya miƙa galan ɗin ga bakanikensa ya tsaya a kansa har a gama. Kuma yana da kyau ya huda galan ɗin kafin ya bar shi, domin galan mai lafiya shi ne jarin masu jabu.

Batu na biyu shi ne kaurin man. Kanikawa da dama a Arewa sun koyi sana'a ne a kan fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna da manyan motoci irin waɗanda kamfanin Steyr ya taɓa haɗawa a nan Bauchi, injinan da ke son mai mai kauri. Shi ya sa har gobe 20W-50 ne ke fara zuwa bakin mai sayarwa ko wace irin mota aka kawo. Hujjar da ake bayarwa ita ce zafin ƙasarmu, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40. Amma inji mai lafiya a wajen digiri 90 zuwa 100 yake aiki ko da rani ko da hunturu, kuma lamba ta biyu da ke jikin galan tana nuna kaurin man ne a digiri 100. Injinan zamani, irin na Toyota Corolla da Camry da Honda Accord da suka cika titunanmu, suna da matsattsun hanyoyin mai, har da na'urar da ke amfani da matsin mai wajen daidaita buɗewar bawul, kuma yawancinsu 5W-30 ko abin da ya fi shi sirantaka kamfanin ya rubuta. Sau da yawa lambar tana nan a kan murfin da ake zuba man, ba a dai dubawa. Tsohon injin da ya riga ya ci ƙarfe yana iya samun sauƙi da mai mai kauri, wannan gaskiya ne, amma a bi abin da littafin motar ya ce ya fi a bi al'ada. A wannan gaɓar mai motar da ya karanta littafinsa yana iya fin bakaniken da bai karanta ba.

Lokacin juye ma ba ɗaya ba ne ga kowa. Direban hayar da ke zuwa Jos ya dawo kullum, tafiyar kimanin kilomita 260, zai cinye kilomita 5,000 cikin ƙasa da mako uku. Ma'aikacin da ke tashi daga Yelwa zuwa Sakatariyar Abubakar Umar ya dawo kuwa zai yi watanni bai kai haka ba, amma gajeruwar tafiya ba ta barin inji ya yi zafin da zai ƙone danshi da fetur ɗin da ke sauka cikin man, don haka shi da wata ya kamata ya ƙirga, kamar wata shida. Ƙurar hunturu kuma tana gajarta wa'adin kowa.

Ga ɗan achaba da mai Keke NAPEP, yin juye da kai yana da ma'ana sosai. Man bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, notin yana kusa, ba sai an ɗaga komai ba, kuma saboda yawan zirga-zirga juyen yana zuwa a kai a kai, ta yadda ɗan kuɗin hannun da lokacin jira a gareji ke taruwa su zama wani abu a wata. Abin da ya kamata su kiyaye shi ne, a yawancin babura mai ɗaya ne ke shafe inji da kuloci, saboda haka wasu nau'o'in man mota masu santsi na sa kuloci zamewa. Man babur na gaskiya yana ɗauke da alamar JASO MA a jikinsa.

Mota kuwa wani abu ce daban. Sai an shiga ƙarƙashinta, kuma jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, ballantana a kan turɓaya. Ya zame, rai ake magana. Akwai man da ke fitowa da zafi. Akwai ɗaure noti fiye da kima har ya cinye zaren tukunyar man, gyaran da ya fi kuɗin juye nesa ba kusa ba. Akwai robar tsohuwar filta da kan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta, man ya tsiyaye a hanya ba a sani ba. Akwai kuma cika mai ya wuce alamar geji, abin da ke sa shi kumfa. Bakaniken da ke da rami ko na'urar ɗaga mota yana kuma ganin abin da mai ita ba zai gani ba, kamar yoyon giya, yagaggiyar robar shaf ko birki da ya cinye. Ɗan kuɗin da ake ba shi har da wannan kallon ake saya. Garin neman gira bai kamata a rasa ido ba.

Sai dai akwai ɓangaren da ba ya shiga lissafin kowa, wato ina mataccen man yake zuwa. Ƙaramar mota tana fitar da kimanin lita huɗu a kowane juye. Wanda ya yi a gida, mafi sauƙi a gare shi shi ne ya tuttular a kwata ko bayan katanga, wasu kuma su zuba a masai da sunan kashe wari da sauro. A birnin da unguwanni da dama ke dogaro da rijiya da burtsatse a inda ruwan madatsar Gubi bai kai ba, wannan ganganci ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye guda na iya gurɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya. Mataccen mai na ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da sinadaran ƙuna masu illa, har ta kai Tarayyar Turai a 2019 ta sanya aikin da fata ke cuɗanya da shi cikin jerin ayyukan da ke iya jawo cutar daji. Yaran gareji da ke yini hannu dumu-dumu a cikinsa, su wanke da fetur su ci abinci, su ne a sahun gaba.

A gareji aƙalla ana tara shi a durom, domin yana da masu saye: masu katako na shafa shi saboda gara, masu buga bulo na shafe injinsu da shi. Amma daga cikin irin wannan durom ne kuma wani kaso ke komawa hannun masu jabu, ya dawo kasuwa a cikin galan mai ƙyalli. Ke nan abin da aka juye daga wata mota a Fadaman Mada yau yana iya shiga wata a Gwallameji nan da wata guda.

Alhali wannan man dukiya ce idan aka sake tace shi a masana'anta. Lissafin hukumar ta Amurka ya nuna cewa galan ɗaya na mataccen mai yana ba da man shafe inji daidai da wanda ake samu daga gangar ɗanyen mai guda. Ga ƙasar da ke kashe dala wajen shigo da tushen mai, wannan asara ce ake zubarwa a kwata.

Hukumomin da abin ya shafa suna nan. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora wa hukumar NMDPRA kula da harkar albarkatun mai bayan an tace su, har da baƙin mai. SON na da alhakin inganci. NESREA da aka kafa a 2007 da hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, su ke da hurumin shara mai guba. Abin da ya rage shi ne wurin da mai babur ko mai mota zai kai jarkar mataccen mansa ya san ba za ta dawo masa a matsayin sabo ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW suna da rassa a garejoji da tashoshin birnin, kuma sun san membobinsu ɗaya bayan ɗaya. Durom mai rajista a kowace tasha da kowane babban gareji, da mai saye guda da hukuma ta ba lasisi tana kuma bibiyar inda yake kai kayan, abu ne da BASEPA za ta iya gwadawa da tashar Muda Lawal kaɗai kafin damina ta sauka ta kwashe abin da ke cikin kwatoci.