Kira ga Mahukuntan Magariya da Dungas: A Riƙa Duba Bakin Mara Lafiya

Mai girma Gwamnan Jihar Damagaram, masu girma Prefen Magariya da na Dungas, manyan likitocin gundumomin biyu, da iyayenmu sarakunan gargajiya: Daga Mallawa muke kawo kukanmu cikin ladabi, a kan abin da ake rainawa: miyau, yawansa da ƙarancinsa.

Ranku ya daɗe, yaron da ya rame bayan ƙyanda ko zazzaɓin sauro, ya shiga dalalar miyau, bakinsa na wari, dasashinsa na jini, sau da yawa uwa takan ce haƙori ne zai fito. Alhali ta haka cutar noma kan fara, wadda ke cinye kumatu da leɓe cikin ƴan kwanaki, galibi ga yara ƴan shekara 2 zuwa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana jinyar irin waɗannan yara a Damagaram, amma da yawa kan kai can ne bayan fuska ta riga ta ɓaci. In an gano da wuri, amoxicillin da metronidazole, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ma'aikatan da ke bi gida gida da damina suna raba maganin rigakafin zazzaɓi, suna awon damtsen yara, muna roƙon ku umarce su su riƙa buɗe bakin kowane yaro. Wannan ba ya buƙatar sabon kasafi, umarninku kawai yake jira.

Dattawanmu kuwa bushewar baki ke damun su. Tuwo ba ya haɗiyuwa sai da ruwa, harshe ya tsage, haƙora su ruɓe daga gindi, domin miyau ne ke wanke su. Akan ɗora laifin a kan hunturu, bayan kuwa ciwon sukari da wasu magungunan hawan jini da na mura suna jawo hakan. A cire haƙori a sallami mutum ba magani ba ne. A sa dokar cewa duk wanda ya zo da wannan kuka a auna masa sukari, a tambaye shi magungunan da yake sha, har da na ƴan tebur.

Manomin da ya yi feshin wake ya dawo miyau na zuba, yana gumi da amai, guba ce ta shige shi. Kada atropine, maganin wannan guba, ta yanke a gidajen likitarmu lokacin feshi.

Mai ciwon haƙori a ƙauyukanmu sai ya nemi kuɗin mota zuwa birni, shi ya sa da yawa suke ƙarewa a hannun wanzami. Muna roƙon ku tsara zuwan likitan haƙori Mallawa ko da sau ɗaya a wata, ranar kasuwa, sarakuna kuma su sa sanƙira ya yi shela tun ana jajibiri.